Jirgin Yaƙinku da Yatsun Ɗana

Zuwa ga Manajan kamfanin jimar fatu da ke Challawa, hafsan sojan ruwa mai ritaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni ce mahaifiyar mai waldar da kuka kora. Sau biyu ina zuwa ƙofar kamfaninku masu gadi suna mayar da ni, shi ya sa na biyo ta jarida.

Na ɗaya. Ku kuka kira ɗana ofis, kuka ba shi hoton wani jirgin ruwan yaƙi na Turawa mai ɗaukar helikwafta, kuka ce ya ƙera muku kwatankwacinsa da ƙarfe, a girke a bakin ƙofa. Bayan an tashi aiki yake tsayawa ya yi. Yana cikin yanka ƙarfen hasumiyar jirgin injin yankan ya kuɓuce masa, ya tafi da yatsunsa biyu na hannun dama.

Na biyu. Ranka ya daɗe, babu abin da ban sani ba game da wannan jirgi, domin duk daren duniya da labarinsa daga bakin ɗana muke cin tuwo. Na san samansa shimfiɗaɗɗe ne kamar filin Idi, hasumiyarsa a gefen dama take don kada ta tare wa masu sauka hanya. Na san akwai wani dandamali da ke saukar da helikwafta cikin cikinsa. Na san ya kai sojoji yaƙi, ya kwashe mutanen da ambaliya ta ci, da ya tsufa aka sayar wa masu gwangwan. Na kuma san mako biyu kacal kuka yi a kansa, kuna baƙon kwas. Mako biyu, amma kun hana ma'aikata shan iska da labarinsa shekara da shekaru!

Abin da kuka fi kurantawa shi ne asibitin da ke cikinsa: wai soja na faɗuwa, helikwafta ta ɗauko shi kafin jininsa ya bushe. To, ɗana a kan acaɓa aka kai shi kemis, hannu naɗe da tsumman goge inji, motarku tana fake a inuwa. Mutum ya ga tsarin kula da rai da idonsa, ya dawo gida da hoto kawai. Wannan ba ilimi ba ne, yawon buɗe ido ne.

Na uku. Magatakardanku ya ce raunin ba na aikin kamfani ba ne, tunda jirgi ba fata ba ne. Wa ya sa shi aikin? Kuma kuka sa wani ya ƙarasa hasumiyar, har da fenti. Ba ku ji kunyar Allah ba?

Buƙatata ita ce ku mayar da shi aiki, ko a sito ne, ku kuma kai shi asibiti na gaske. Yana da mata da goyo.

Ɗana ne na fari. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ko a ɗaka. Amma tunda an ce an goge shi daga cikin ma'aikata, na ajiye kunya. Sunansa Sanusi. Ranar Litinin zai zo cikin kayan aikinsa, ni ma ina bayansa.

Allah ya shirye ku, ya bar muku yatsunku goma.

Wassalam.

Mahaifiyar Sanusi,
Panshekara.