Maganin Inna da Ciwon Suga

Yayana Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya zaman Maraɗi? Mu nan Tozai sai godiya, ko da yake ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye.

Inna ba lafiya. Maganin damuwar da take sha tun rasuwar Baba shi ya maido mata dariya. Yanzu ƙishirwa da yawan fitsari sun dame ta. Likita a Isa ya ce ciwon suga ne, wataƙila maganin na da hannu, amma kada ta daina sha da kanta.

Jiya ta riƙe hannuna ta ce, "Hauwa, in bar shi in koma kuka?"

Jibi za ni mai da ta asibiti. Ka sa ta a addu'a. Gaishe da Balki da yara.

Ƙanwarka,
Hauwa