Fim Ɗinku Ya Ce Jinin Ɗiyata na Mutanen Kogo Ne

Zuwa ga Shugaban tashar talabijin da ke juya finafinan ƙetare zuwa Hausa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin firamare ne a Argungu, mahaifin Rukayya, 'yar shekara goma sha uku, wadda aka haifa da sikila.

Makonni shida da suka wuce, ranar Asabar bayan la'asar, kun nuna fim ɗin wasu likitoci da suka tono ƙasusuwan mutanen kogo na zamanin da, suka gano wai jininsu yana jikin wasu mutanen yau, kuma wata rana zai motsa su koma dabbobi. Tare da ita muka kalla. Ranka ya daɗe, ga kukana.

1. Mai fassararku ya kira wannan jini sikila. Ƙanena da ke koyarwa a Birnin Kebbi ya nemo asalin fim ɗin, babu wannan kalma a ciki ko sau ɗaya. Mai fassarar ne ya cusa ta don a yi dariya.

2. Ba ku faɗa ba, a farko ko a ƙarshe, cewa ƙagaggen labari ne. Mutane sun ga fararen riguna da na'urori, sun ɗauka ilimi ne.

3. Ranar Litinin 'yan ajinsu suka laƙa mata 'Yar Kogo. Ƙawarta ta tashi daga bencinsu. Yarinyar da ko a gadon asibiti littafinta take tambaya, yau makonta biyar ba ta taka makaranta ba. Makon jiya ciwon ya tashi, muka kai ta Birnin Kebbi ƙarin jini. Ina tsaye ta roƙi malamar jinya ta kwashe nata duka, kada ta cuci ƙannenta. Na zauna na yi mata bayani cewa daga gare ni da uwarta ta gaji wannan jini. Ta saurara, amma ta fi yarda da ku.

Ba diyya nake nema ba. Ku kawo likita a wannan lokaci na Asabar ya faɗi mene ne sikila, ku kuma furta cewa ƙarya aka yi. Daga bakinku kaɗai za ta karɓa.

Allah ya ba 'ya'yanku lafiya, ya tsare ku da ganin abin da na gani.

Wassalam.

Malam Sani, Argungu.