Na Ajiye wa Jikata Karya a Gidan Maƙwabciya

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin wani ya ce tsoho ya lalace, ya daure ya kai ƙarshe. Shekaruna saba'in da ɗaya. Likitan dabbobi ne ni, na yi ritaya. Aiki ya kai ni Yamai da Khartoum, na zauna da Buzaye a Agadas, ina jin Larabci da Faransanci da Fulatanci, yanzu kuma ina kame-kamen yaren Malay. Duk yawon nan ban taɓa rasa inda zan sa kaina kamar makon nan ba.

Bayan rasuwar mai ɗakina, 'yata ta fari ta ɗauko ni zuwa Kuala Lumpur. Mijinta malamin jami'a ne, muna haya a hawa na sha huɗu a unguwar Wangsa Maju. 'Yarsu ɗaya, zan kira ta Ummi, ni dai amarya nake ce mata. Ta cika shekara huɗu ba ta taɓa furta kalma ba. Tana ji sarai, amma ba ta kallon idon mutum, ba ta amsawa. An je asibiti, an sa ta ajin koyon magana, an yi tofi, an sha rubutu. Uwarta har ta daina zuwa taron suna don kada a sake tambayarta. Wata rana muna cikin lif ni da Ummi, wani Ba'indiye ya shigo riƙe da ɗan kare. Yarinyar nan ta tsuguna ta ƙyalƙyale da dariya. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar. Da me zan kwatanta muku abin da na ji?

Ku fahimce ni. A karatun da muka yi a gida, na Malikiyya, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ba a son ajiye shi a ɗaka. Na ga karen Bafillace yana kwana gefen ruga, na ga Buzu yana raba nono da nasa. Nan kuwa mutanen Malay Shafi'awa ne, in yawun kare ya taɓa ka sai ka wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Mai gidan da muke haya wata Hajiya ce 'yar ƙasa, kuma ta rubuta ƙarara ba a kawo mata kare. Surukina kuwa abokan aikinsa suna zuwa cin tuwo, suna salla a falonmu. Na san ko da wasa ba zan iya tayar da maganar ba.

Ana haka sai wata maƙwabciya a hawa na tara, tsohuwa Basiniya da mijinta ya rasu, zan kira ta Anti Mei, ta tare ni. Ta ce, "Haji, an ce kai likitan dabbobi ne. Gida ya yi mini shiru lah. Kyanwa zan nema, ko wani tsohon kare mai son barci?" Wannan "lah" ɗin adon magana ne kawai na mutanen nan. Kyanwa ce daidai da ita, na sani, mace ce mai ciwon gwiwa. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Anti, kyanwa ba ta hira. Bari in zaɓa miki kare." Na zauna da takarda ina jera ire-iren karnuka kamar mai shirin jarrabawa. Ciwawa yana da saurin cizo in yaro ya ja masa kunne, na soke shi. Bigul kukansa zai tara maƙwabta. Fomeraniya kyakkyawa ne, amma gashinsa bin tufafi yake. Na tsaya kan ƙaramin fudul: yana da kaifin kai, yana haƙuri da yara in ya samu tarbiyya, ya dace da ƙaramin gida, sannan ba ya zubar da gashi. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin dalilina, ba na so ko sili ɗaya ya biyo rigar Ummi zuwa hannun uwarta. Ko sau ɗaya ban sa gwiwar Anti Mei a lissafi ba, alhali na san irin nan yana son yawo da guje-guje. Muka je gidan da ake tara karnukan da aka yasar, muka ɗauko wata karya 'yar shekara uku. Anti Mei ta sa mata suna Lulu.

Daga nan kullum la'asar sai in ce, "Amarya, tashi mu je surau," wato ɗan masallacin da ke ƙasa. Sallar ina yi, ban taɓa fasawa ba. Amma ana sallamewa sai hawa na tara. Da Hausa na horar da Lulu: zo, zauna, kwanta. In mun gama, in wanke wa Ummi hannu da sabulun da aka haɗa da ƙasa, wanda na saya a kasuwar Jalan Masjid India, irin wanda 'yan ƙasa ke tsarki da shi. Wata na uku, ina tsaye ina shan shayi, na ji wata siririyar murya ta ce, "Lulu, zauna." Karyar ta zauna. Kofin ya suɓuce mini. Anti Mei tana kuka, ina kuka, yarinya tana kallonmu kamar mu ne ba mu da lafiya.

Bayan mako guda ta ce wa uwarta "ruwa". Yanzu tana haɗa kalmomi uku, huɗu. Kun san abin da ke ci na? A walimar wani ɗalibi, surukina ya miƙe gaban jama'a ya ce, "Albarkar masallaci ce. Tun da Baba ya fara tafiya da ita bakinta ya buɗe." Aka yi ta kabbara. Wata baiwar Allah ta biyo ni har bakin ƙofa tana roƙon in faɗa mata addu'ar da nake karantawa. Na rubuta mata wata addu'a na ba ta. Da furfurata! Allah ne ya buɗe bakin, ban musa ba, amma ni na san ta hanyar da ya buɗe shi.

Makonni uku da suka wuce an yi ruwa, Anti Mei ta fita da Lulu, karyar ta hango kyanwa ta fizgi igiya. Tsohuwa ta faɗi, ƙugunta ya karye. Da na je duba ta a asibiti ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Haji, ni fa ba yarinya ba ce. Tun ranar farko na gane ba ni ka zaɓa wa ba." Na rasa inda zan kalla. Ta ce, "Ban riƙe ka ba lah, ina son yarinyar. Amma ranar Asabar ɗana zai tafi da ni garin Penang, matarsa kuwa ba ta zama da kare. Ka zo ka ɗauki abarka, in ba haka ba a mayar da ita inda muka samo ta." Makullin gidanta yana aljihuna yanzu haka, ni nake sauka safe da yamma in ba Lulu abinci. In na hau sama in kasa zama, in na sauko in kasa tsayawa.

Jiya kuma 'yata tana fitar da wanki ta tsinci sabulun a aljihun rigata. Shekararta shida a ƙasar nan, ta san amfaninsa. Ta ce, "Baba, me ka taɓa?" Na ce ƙaiƙayi ke damuna. Sai ga Ummi ta ja mini hannu ta ce, "Kaka, Lulu yunwa." Uwarta ta ce, "Wace ce Lulu?" Na ce ƙawarta ce a hawa na tara. Ku ga fuskar 'yar nan tawa! Ta ce, "Ummi ta yi ƙawa? Baba, don Allah ka gayyato ta ranar Asabar, zan soya musu fanke."

Yau Laraba. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli surukin da na bari ya yi shela a kaina? In na yi shiru aka tafi da Lulu, yarinyar ta koma cikin shirunta, wa ya jawo? Shin in nemi wani maƙwabcin in sake ajiye masa, in ƙara wata ƙaryar kan ta farko? Malamai, iyaye, ku taimake ni kafin 'yata ta kwaɓa fulawar nan. Me zan yi?