Tanu Ba Ta Cin Karela

Kota, 19 ga Agusta

Baban Tanu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya shago, ya masu sayen magani? Ya gwiwar Mama? Ka taɓa mini ƙafarta, ka ce ina neman albarka. Mu ma nan lafiya lau.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. Ai wayarka ba ta sirri ba ce. Da na kira sai ka buɗe murya, Mama na gefe, yaran shago na gefe. Ni kuma nan katako ne tsakanina da matar Tiwari, maƙwabciyar da ita ma ta biyo ɗanta karatu. Ko atishawa na yi sai ta ce mini sannu.

Na ji ka raba alewar laddu a layin kasuwa saboda saƙon makaranta ya shigo wayarka, wai Tanu ta ci 611 cikin 720 a gwajin Lahadi. Na kuma ji ka sa mai fenti ya rubuta allo da sunan Dakta Tanuja. Haba Baban Tanu! Jarrabawar shiga makarantar likitanci sai watan Mayu, wannan gwaji ne kawai na makarantar share fage. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Hankalina bai kwanta ba. Wata uku da suka wuce yarinyar nan tana lilo tsakanin 340 da 360. Yanzu ta haura ɗari shida, an mai da ita ajin zaƙaƙurai, amma ko murmushi babu. In na ce ta yi ƙoƙari sai ta sunkuyar da kai kamar na zage ta.

Ga kuma maganar kular abinci. Ka san Tanu da karela, kayan miyan nan mai kama da garahuni, tun tana rarrafe take tofar da ita saboda ɗaci. Ran Talata da gangan na cika mata kula da karela da gurasar roti huɗu. Kular ta dawo a suɗe. Ta ce in riƙa ƙara roti biyu, karatu na sa ta yunwa. Na ƙara. To ina abincin yake zuwa? Wandon makarantarta sau biyu ina rage masa ƙugu.

Matar Tiwari ta ce, "Diidi, yayata, in budurwa ta fara cin abin da ba ta so, wani ne yake so." Na ce ta kula da ɗanta da ke barci a kan littafin kimiyya har yawu ya jiƙa shafi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Na bincike wayar Tanu tana wanka, ban ga komai ba, kuma rashin ganin komai ɗin ya fi damuna. Kada ka faɗa wa Mama.

Taka,
Sulekha

Kota, 6 ga Oktoba

Baban Tanu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata tarin nan ya sake ka. Mai sayar da magani ba ya shan magani, ni dai na gaji da faɗa. A gaida Mama.

Na karanta amsarka. Ka ce zargi ya yi mini yawa, ko a ranar aurenmu sai da na ƙirga kwanukan da 'yan uwanka suka ara. Na ƙirga, kuma biyu ba su dawo ba har yau.

To na bi ta. Ran Alhamis na rufe kai da gefen zanen sarina, na tsaya bayan mai sayar da ruwan rake a ƙofar makaranta har aka tashi hutun rana. Kunya ta ishe ni, amma na tsaya. Babu saurayi, ka kwantar da hankalinka. Tanu ta fito ta zauna a gindin bangon haikalin ibadar nan da ɗalibai ke rubuta roƙonsu a jiki, wata yarinya siririya mai silifas ta zo ta zauna kusa da ita. Tanu ta buɗe kular ta tura mata gaba ɗaya. Loma ɗaya ta roti ta gutsura, sauran duk yarinyar ta cinye, har da man da na zuba da hannuna.

Raina ya ɓaci. Na yi tambaya, aka ce sunanta Fulmani Kujur, daga wani ƙauye a jihar Jharkhand mai nisa take, ita kaɗai take zaune a ɗakin kwanan ɗalibai. Da tana ajin zaƙaƙurai, yanzu ta zube har ajin ƙarshe, inda mutum ɗari biyu ke kallon malami ta allon bango. Nan na ce na gane. Irin waɗannan in sun ga tasu ta ƙare sai su liƙe wa mai ƙoƙari, su cinye abincinta, su kwashe littattafanta.

Washegari na tare ta ita kaɗai. Na ce, "Ke 'yar nan, iyayenki karatu suka turo ki ko cin abincin mutane? Ki fita harkar 'yata, kada ki ja ta ƙasa inda kike." Ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai kawai ta ce, "To, Anti." Ko gardama babu. Na taho ina jin na yi nasara, amma kallon da ta yi mini ya ƙi barina.

Tanu ta ji labari. Kwana uku ke nan ba ta ce mini komai ba sai "e" da "a'a". Kular kuma tana dawowa yadda na zuba ta. Ka ce 624 ya shigo maka a gwajin da ya wuce. Ni dai har yanzu akwai abin da ban gane ba, kuma sai na gane shi.

Taka,
Sulekha

Kota, 27 ga Oktoba

Baban Tanu,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Wannan takardar ka shiga ciki ka zauna kafin ka karanta, kada ka buɗe ta a kan kantar shago.

Ka san bayan kowane gwaji ana barin yara su taho da takardar tambayoyi, ni kuma ina tara su a akwati. Tanu tana yin alama da fensir a kan amsar da ta zaɓa. Ran Litinin da ta tafi aji, na ari takardar amsoshin da makaranta ke rabawa daga wurin matar Tiwari, na ce zan ƙunsa barkono. Ban san kimiyya ba, a aji goma na tsaya, amma na iya ƙirga. Daidai maki huɗu, kuskure a cire ɗaya. Na bi tambaya ɗari da tamanin da yatsa. Na samu 338. Na ce na yi kure, na sake, na kuma sakewa. 338 dai.

Na yafa mayafi na tafi allon da ake liƙa sakamako. Sunan Tanu na can sama da 624. Na bi jerin ƙasa ƙasa har na durƙusa, ina neman 338. Na same shi, a gaban sunan Fulmani Kujur.

Baban Tanu, inji ne yake duba takardun nan, ba ya ganin fuska. Lambar ɗalibi ma 'yan da'irori ne ake cikewa da baƙin biro kamar amsoshi. Tun watan Yuni Fulmani take cike lambar Tanu, Tanu tana cike tata. Duk laddun da ka raba, na makin 'yar mutane ne. Ita kuma da makin 'yarmu aka kore ta daga gaban malamai mafi kyau. Wannan ce yarinyar da na tare a titi na ce kada ta ja 'yata ƙasa.

Da Tanu ta dawo na ajiye mata takardun a gabanta. Ba ta musa ba. Ta yi kuka har na tsorata. Ta ce Fulmani ce ta same ta tana kuka a gindin bangon nan ranar da ta ci 340, ta ce su yi musaya sau ɗaya kawai, don ita Fulmani mahaifinta ba shi da waya, lambar wani mai shago ta bayar, babu mai duba nata. Sai babban maki ya fito, suka ci gaba har 611 ya zo, ka yi allo, hanyar komawa ta toshe. Abincin kuwa ba Fulmani ce ta roƙa ba. Tanu ce ba ta da abin da za ta gode mata da shi sai cikinta.

Na ce me ya hana ki faɗa mini? Ta ce, "Mama, duk Lahadi kina bakin ƙofa. Kafin in cire takalmi kin ce 'nawa?' Baba kuma in ya kira, 'ina likitata?' yake cewa. Yaushe rabon da ya ce Tanu?" Wata huɗu ina zargin saurayi, ina zargin maƙwabciya, ina zargin 'yar mutane, ban taɓa zargin bakina ba.

Na je ɗakin Fulmani na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai Anti, karelarki ta fi ta ɗakin kwana daɗi." Na rasa inda zan sa fuskata. Na kai su ofis mun faɗi gaskiya. An yi musu faɗa sosai, an ce in Fulmani ta nuna kanta a gwaji biyu za ta koma ajinta, Tanu kuma za ta sauko. Yanzu kula biyu nake haɗawa. Na tambayi Tanu ko tana son likitancin nan, ta ce ba ta sani ba, ba wanda ya taɓa tambayarta. In ka zo bikin Diwali sai mu zauna mu uku.

Lahadi mai zuwa kowace za ta cike lambarta, saƙo zai shigo maka ran Talata. Tanu ta fi tsoron wannan saƙon a kan jarrabawar Mayu, jiya ma ta tambaye ni ko za ka daina ɗaukar wayarta. Allon nan ka kai shi bayan shago tukuna. Ko nawa ka gani, na 'yarka ne, ita ta zauna awa uku ta samo shi. Ka kira ta kai kaɗai, kada ka buɗe murya. Ka kira ta da sunanta, ka tambaye ta ko ta ci abinci.

Taka har kullum,
Sulekha