Gwangwanin Baƙin Mai

Laraba, 22 ga Yuni, 2022
Kwana takwas ke nan da rasuwar maigidana, Baban Hamdiyya. 'Yan gaisuwa sun fara raguwa. Na ɗauko wannan littafi na Hamdiyya da ba ta gama rubutu a ciki ba, don akwai maganar da ba ni da wanda zan faɗa wa.

An jawo motar daga hanyar Yelwa jiya. Tana ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya. Ina takaba, ba na fita, amma ta tagar ɗaki ina hango bayanta. Tabarmar da muka kwantar da Baban Hamdiyya a kai tana nan a ciki. Babu wanda ya yi ƙarfin halin ɗauke ta.

Lahadi, 26 ga Yuni
Bari in rubuta yadda aka yi, ko zuciyata ta sauka.

Tun da gas ya yi wuya a Wara, Baban Hamdiyya ya koma zuba wa a-kori-kurarsa kananzir daga duron da nake sayarwa. Shi ya koya min haɗin da hannunsa. Jarka ɗaya, gwangwanin madara ɗaya na sabon baƙin mai, a girgiza sosai. Ya ce, "Altine, kananzir busasshe ne, ba shi da santsi irin na gas. In ba ki sa wannan ba, famfon mota cin kansa zai yi." Na yi dariya na ce ashe mota ma sai da man shafawa.

Da ciwon suga ya kama ƙafarsa a watan huɗu, ƙanensa Zulkiflu ya karɓi tuƙi, yana kai kifin banda kasuwar Yelwa. Ni ke haɗa jarkoki a cikin gida, shi ya ɗauka ya zuba.

Sai yayana Shu'aibu ya zo daga Shanga. Injin ban ruwansa ba mai, shinkafa na bushewa. Ya ga galan ɗin baƙin mai a bayan ƙofa. Bai ma roƙa ba, kallo kawai ya yi. Na ba shi duka. Na ce a raina ɗan gwangwani ɗaya me zai hana, kafin mako zan sa a sayo wani. Mota ta tafi ta dawo lafiya. Mako na biyu ma haka. Sai na daina tunawa. Wata biyu cur kananzir tsura nake ba su.

Ranar da jikin Baban Hamdiyya ya rikice da hantsi, mun yi rabin hanyar asibitin Yelwa motar ta fara shessheƙa, ta mutu. Awa biyu muna gindin tsamiya. Zulkiflu na ƙarƙashin mota, ni ina riƙe da kan maigidana a cinyata ina fifita. Ya ce, "Ki bar yaron nan ya huta, ya yi ƙoƙari." Kafin motar itacen da ta ɗauke mu ta shiga gari ya cika.

Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 9 ga Yuli
Babbar Sallah. Maƙwabta sun aiko da nama. Hamdiyya ta ci, ni ban iya ba.

Litinin, 25 ga Yuli
Jiya aka yi sadakar arba'in. Yau Tamada bakanike ya zo ya kwance famfon. Ina jin su ta katanga. Ya ce, "Wanga famfo ya bushe ƙayau, kamar an goge shi da yashi. Ko ɗigon baƙin mai bai gani ba. Wa ke zuba mata mai?"

Zulkiflu ya ce, "Ni ne."

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki. Sai na ci gaba da shara.

Alhamis, 4 ga Agusta
Magana ta zagaye unguwa. Wai Zulkiflu ke karɓar baƙin man yana sayar wa masu jirgin ruwa a bakin tasha. Jummai mai ƙosai ta shigo sayen kananzir, ta ce, "Ke dai Allah ya ba ki haƙuri, Altine. Ɗan'uwa ya yi wa ɗan'uwansa haka?" Na auna mata kwalba har na zubar. Na ce, "Allah dai ya sani." Dubi abin da na faɗa. Ko ƙarya ta fi wannan mutunci.

Inna, surukata, ta daina amsa gaisuwar Zulkiflu. Kullum da safe yana durƙusawa a ƙofar ɗakinta, ta juya fuska bango. Ta ce a daina zuba masa tuwo a gidan nan. Ni ce mai tuƙa tuwon.

Da, in ya shigo sai ya ce, "Ina matata? Me aka ajiye wa ƙaramin miji?" Ni kuma in ce ya tafi ya wanke warin kifi tukuna. Yanzu ko inda nake ba ya kallo.

Juma'a, 19 ga Agusta
Na tsinci gwangwanin a bayan duro. Ya yi tsatsa a baki. Har yanzu akwai tabon mai na yatsan Baban Hamdiyya a jiki. Na wanke hannu sau uku, warin bai fita ba.

In na faɗa, Inna za ta ce in tattara in koma Shanga idan takaba ta ƙare. Hamdiyya kuwa jininsu ce, nan za ta zauna. Wannan ne ke rufe min baki. Ba kunya ba ce, tsoro ne. Gara in rubuta gaskiya ko a nan.

Lahadi, 28 ga Agusta
An ce Zulkiflu ya rame. A shagon Tamada yake kwana. Iyayen Salma, yarinyar da yake nema, sun ce a dakata.

Talata, 6 ga Satumba
Zulkiflu ya shigo da la'asar ɗaukar takardunsa na tuƙi, zai tafi Kontagora neman aikin tuƙi, wai ba zai dawo ba. Inna ta tafi duba mara lafiya. Na tsaya a bayan labule na kira sunansa.

Na ce, "Ni ce. Ban sa man ba. Na ba Yaya Shu'aibu galan ɗin tun watan huɗu."

Sai ya ce, "Na sani, matar Yaya."

Na ce ya aka yi ya sani.

"Haɗin Yaya ja-ja yake fitowa kamar shayi. Naki fari tas kamar ruwan randa. Tun jarkar farko na gani. Na ce mota na tafiya, mi zai sa in tayar da magana, Yaya na kwance." "Na gani da idona na zuba. Ke ba direba ba ce. Ni ne na san abin da zai faru."

Na ce to me ya sa bai faɗi nawa ba, ya bari ana kiransa ɓarawo.

Ya ce, "In an kore ni, ni kaɗai aka kora. Ke fa?"

Ya ɗauki takardun ya fita. Na zauna a ƙasa inda nake. Ashe wata uku yana ɗauke da kayana a kan nasa, ni kuma ina tuƙa tuwon da aka hana shi.

Laraba, 7 ga Satumba
Bayan sallar asuba na shiga ɗakin Inna da gwangwanin a hannu. Na ajiye a gabanta na faɗi komai, har sunan yayana. Ban yi kuka ba sai da na gama.

Ta ɗauki gwangwanin ta juya shi. Ta ce, "Ɗan wanga abu?" Na ce shi ne. Ta ce, "Ɗan wanga abu kunka rasa, ku biyu?"

Ba ta ce ta yafe ba. Ba ta ce in tafi ba. Ta ja carbinta har rana ta fito, ina durƙushe ƙafata ta mutu. Can ta ce, "Tashi ki ɗora tukunya. Ki ƙara gari. A aika tasha a ce ya dawo kafin motar Kontagora ta cika."

An same shi har ya shiga mota.

Alhamis, 22 ga Satumba
Inna ba ta yi min magana sai ta dole. Na gaya wa Jummai da bakina, na san kafin azahar kowa ya ji. Masu sayen kananzir sun ragu. Wasu matan in sun shigo, sai su kalli duron su kalle ni. Hakan ya fi min sauƙi a kan tausayin da suke min da.

Ban san ko da motar ta kai Baban Hamdiyya asibiti da ya tashi ba. Ba wanda zai iya gaya min. Na daina tambayar Tamada ta bakin mutane.

Asabar, 22 ga Oktoba
Shekaranjiya na fita takaba. Inna da kanta ta aiko min da sabulu da sabon zane. Zancen Shanga bai taso ba. Ni ma ban tayar ba.

Yaya Shu'aibu ya zo da sabon galan a bayan babur, ya ajiye a zaure, ya kasa shigowa sai da Inna ta aika. An sa wani famfo. Zulkiflu ya ce gas zai riƙa zubawa in ya samu, in bai samu ba a gabana za mu haɗa, mu biyu. Yau da safe na auna, shi ya girgiza, ya ɗaga jarkar a rana muka duba. Ja-ja.

Da ya tayar da motar na ɗauka zan gudu ɗaki. Sai na ga ina tsaye a ƙofa har ƙarar ta ɓace. Kafin ya ja, ya leƙo ya ce a ajiye masa ƙanzo. Ban san sanda na ce ya wanke warin kifi tukuna ba.

Tabarmar na ɗauko ta. Na wanke, tana kan igiya.