Bindigar Baba Ta Koma Bayan Ƙofa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zaman Ikko? Mu nan Tafoki sai godiya, sai dai gajiya.

Birai sun dame ni a gonar masara. Ranar Talata da hantsi na ɗauko tsohuwar bindigar marigayi Baba, mai baki biyu, na harba sama sau ɗaya. Kafin in sauke ta, gari ya watse, an ɗauka ɓarayin daji ne suka shigo. Innarmu ta faɗi wajen gudu, ta yi targaɗe a hannu.

Mai unguwa ya ce mani, "Malam Isa, yanzu ƙarar bindiga ba biri take kora ba, mutane take kora."

Na mayar da ita bayan ƙofa. Bindigar iskar da ka aiko mani ba ta da ƙara, amma biri ko waiwayowa ba ya yi.

Ka gaida Binta da yara, ku sa mu a addu'a. In ka ji masarar bana ba ta yi auki ba, birai na bar wa, don kada Inna ta sake gudu.

Ƙaninka,
Isa