Na Wanke Kilifa a Gaban Alhaji, Kawuna Ya Bar Mini Shago

Malam Salim, don girman Allah ka saurare ni har ƙarshe, domin duk wanda na fara ba labarin nan sai ya katse ni ya ce in je in ba da haƙuri. Haƙurin me? Ni dai har yanzu ban ga laifin da na yi ba.

Ni mai aski ne, ina da ɗan shago a Laranto kusa da wata tashar mota. Mu uku ne a ciki: ni, da Dalyop wanda yake zuwa daga Anguwan Rukuba, da Kawu Jika, yayan mahaifiyata. Kawu ne ya koya mini riƙon kilifa tun ina sakandare. Shagonsa ya ƙone a rikicin da aka yi a garin nan a 2001, don haka da na gama difloma na buɗe nawa, ni na je har gida na roƙe shi ya zo mu yi aiki tare. Ya zo da mutanensa, yawancinsu direbobin tashar, kuma ba zan ɓoye ba, su ne suka tsayar da shagon. Amma sunana ne a jikin allo, kuma ni ma'aikatan ƙaramar hukuma suke nema idan sun zo.

Kwanakin baya wata ƙungiya mai zaman kanta ta kira masu shagunan aski da na gyaran gashin mata zuwa bita a wani ɗakin taro a hanyar Naraguta. Mutum ɗaya suka ce daga kowane shago, kuma mai shagon, sai na je ni kaɗai. Wata ma'aikaciyar jinya, Madam Yael, ta nuna mana hotunan ƙeyar mutane cike da ƙuraje da makero. Ta yi mana bayanin yadda ɗan jinin da ido ba ya gani yake maƙalewa a bakin kilifa, ya iya kai ciwon hanta ko ƙanjamau daga wannan kai zuwa wancan. Ta ce kananzir ɗin da muke ɗigawa da wutar laita da muke karawa ba su wadatar ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce idan aka cuci mutum a kujerar ma'aikacinka, kai mai shago alhakin yana wuyanka, ko da a lokacin kana kasuwa. Malam, ranar ban iya cin abinci ba. Na tuna jajibirin salla, yadda ake jero mana yara mu bi kawunansu da kilifa ɗaya har hannu ya gaji.

Sun ba mu ruwan magani da robar zuba shi, da safar hannu, da wata babbar fosta mai hoton wani mutum ramamme da rubutun ƙanjamau da jan fenti. Washegari na manna ta a saman madubi, na ce daga yau duk wanda ya gama kai ɗaya sai ya goge kilifa da buroshi ya tsoma bakinta a magani kafin ya taɓa wani. Dalyop ya ce, "Oga, ba matsala." Kawu ya dube ni, ya dubi fostar, ya ƙara wa rediyonsa murya.

Wata ranar Juma'a da hantsi, shago cike da masu sauri su je masallaci, Alhaji Abdulfatah ya shigo. Shi ne babban direbobin tashar, kuma ba mai taɓa kansa sai Kawu. Kawu ya gama masa, ya yafuto na gaba, ya ɗaga kilifar nan yadda take zai ɗora a kan bawan Allah. Raina ya ɓaci. Na bar wanda nake yi wa, na sa safar hannu, na karɓe kilifar daga hannun Kawu na tsoma a roba. To, Alhaji bai fita ba, yana tsaye yana kakkaɓe wuyan rigarsa, yana kallona ta madubi. Sai ya juyo ya ce, "Kai yaro, har da safar hannu? Me ka gani a jikina?" Na fara yi masa bayanin bita, ya ce in riƙe bayanina, shi aski ya zo ba asibiti ba. Kawu ya miƙa hannu ya yage fostar, ya ɗauki hularsa ya bi bayansa.

Tun ranar Kawu bai sake taka shagon ba, direbobi ma sun ɗauke ƙafa. A tasha wasu na cewa na ce Alhaji yana da cutar. Wasu na cewa ai ba haka kawai mutum zai manna wannan hoto ba, sai dai in wani a shagon ne yake da ita. Ni kuwa tun haihuwa siriri ne, yanzu ramata ta zama hujja! Ummata in na gaishe ta da ƙyar take amsawa, ta ce na wulaƙanta yayanta a gaban sa'o'in 'ya'yansa. Kawu ya aiko ta da sharaɗi: zai dawo idan na fitar da roba da magani, kuma ba mai sake taɓa masa kilifa.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, na koma ofishin ƙungiyar nan ko za su turo wani ya yi wa mutane bayani. Wanda na tarar ya ce shirin ya ƙare, amma in ban damu ba in sake manna wata fostar su zo su ɗauke ni hoto a gefenta. Hoto, Malam!

Yanzu in zubar da maganin in dawo da kawuna da mutanensa, ina sane da abin da na sani? Ko in riƙe gaskiyata in rasa shi, wataƙila in rasa shagon ma? Ni da na yi don lafiyarsu, ni ne kuma abin zagi?

Mai Aski Mai Jin Haushi, Laranto, Jos

Ƙanena mai aski,

Kada ka zubar da maganin nan. Na fara da wannan ne don kada ka karanta sauran ka ɗauka na bi sahun masu cewa ka yi laifi. Saurayi ya bar aikinsa ya je ya ƙaro ilimi, ya dawo ya kasa cin abinci saboda tunanin yaran mutane, irinka nake fata a kowane layi na garin nan. Ni ba likita ba ne, amma na tambayi masu aikin lafiya kafin in rubuta maka, sun ce abin da aka koya muku daidai ne. Kuma gaskiya ne, abin da ya faru a kujerar da ke ƙarƙashin allonka, naka ne.

Masu yawo da maganar wa yake da ita wa ba ya da ita, sun ba ni haushi ƙwarai. Da bakinsu suke sa marasa lafiya ɓuya, suna kuma koya wa sauran masu aski cewa tsabta tana korar ciniki. Ita ma ƙungiyar ina da magana da ita. Ta yaya za a kira mai shago shi kaɗai, a bar hannuwan da suke riƙe kilifa daga safe zuwa yamma? An ɗora maka kaya, ba a nuna maka yadda za ka shiga da shi ƙofa ba, ka dawo neman taimako an ce hoto. Wannan ba tallafi ba ne, kuma in suna karanta jaridar nan, su ji.

To amma zauna, kai ma akwai naka. Ka karɓe kayan aiki daga hannun wanda ya koya maka aikin, ranar Juma'a, shago cike. Mutumin da wuta ta cinye masa shago, ya haƙura ya zauna ƙarƙashin ɗan ƙanwarsa, abin da ya rage masa da yake taƙama da shi kilifar nan ce da mutanen da ba su yarda da hannun kowa ba sai nasa. Kai ka ga hotuna, ka ji Madam Yael, ka yi tambayoyi. Shi bai ga komai ba sai takarda a saman madubi da doka daga bakin yaron da ya girma a hannunsa. Aikin mai shago bai tsaya a kafa doka ba. Duk abin da ya koyo, sai ya zaunar da ma'aikatansa ya koya musu, a keɓe, kafin a buɗe ƙofa.

Batun Alhaji kuma, ka tuna yadda ake karɓar baƙo a gidanku. Idan aka ɗauraye kofi a gabansa aka zuba masa ruwa, zai ji an girmama shi. Idan kuwa yana ajiye kofin aka fizge aka hau dirza da sabulu yana kallo, ba zai sake shan ruwan gidan ba. Wankin ɗaya ne, lokacin ne ya bambanta. Kai ka yi naka a bayan mai tashi, har da safar hannu, sai ya zama zargi. Ka mayar da shi gaban mai zama. Kowace kujera ta samu kilifa biyu, ko da a hankali za ka haɗa su. Wadda aka gama da ita a ajiye ta gefe ba hayaniya, sai mai ita ya fita a wanke. Wanda ya zauna kuma a ciro masa tsabtatacciya yana gani, a ce masa ga tasa an shirya. Ba ka rage komai daga abin da aka koya maka ba, kuma ba wanda zai tambaye ka me ka gani a jikinsa.

Fostar da Kawu ya yage, kada ka nemo wata. Hoton ramammen mutum a saman madubi tsoratarwa yake yi, yana kuma cin mutuncin masu fama da ciwon, waɗanda su ma 'yan'uwanmu ne kuma suna da haƙƙin a yi musu aski. Ɗan rubutu da hannunka ya isa: a nan muna wanke kilifa ga kowa.

Kada kuma ka ci gaba da ɗaukar abin nan kai kaɗai. Muddin shagonka ne kawai yake da roba a layin, za a ci gaba da nuna shi da yatsa. Ai ba kai kaɗai ka je bitar ba. Nemo waɗanda kuka zauna tare, ku kai maganar ƙungiyarku ta masu aski, ku sa rana ku fara gaba ɗaya. Shirin ya ƙare, amma Madam Yael tana nan a garin nan tana aiki a wani wuri. Ka neme ta, ko ka je sashen lafiya na ƙaramar hukuma ka roƙi a ba ku wanda zai zo ya maimaita bayanin ga ma'aikata da wanzamai, a cikin unguwa, da Hausa. Kawu da Dalyop su zauna a gaba. Kai kuma duk inda ka ji ana koyar da tafiyar da ma'aikata da mu'amala da abokan ciniki, ka je, domin nan ne ilimin naka ya gaza a wannan karon.

Amma Kawu ne farko. Ka samu dattijon da yake jin nauyinsa ya raka ka gida. Ka durƙusa ka ce ka yi kuskure da ka karɓi kilifa a hannunsa a gaban mutane, kuma kada ka biyo da "amma". Idan ya huce, a wani zaman, ka ba shi labarin abin da ka gani kamar yadda ka ba ni, har da yaran jajibirin salla. Ka roƙe shi ya zama shi ne mai lura da tsabtar kayan aiki, har naka. Ka yarda da rabin sharaɗinsa, ba mai sake taɓa masa kilifa, shi zai wanke abarsa. Wajen Alhaji kuma, ku je tare, shi a gaba, domin shi Alhaji zai saurara.

Zai iya ƙi, ba zan ruɗe ka ba. Idan ya dage sai an fitar da magani, to ka ci gaba da gaishe shi, ka ci gaba da kyautata masa kamar yadda ya cancanta, ka gaya wa Umma gaskiya cikin ladabi, amma kujerar ta zauna ba kowa. Kunyar kawu ba ta kai ka miƙa kan ɗan wani ga abin da ka san zai iya cutar da shi ba. Ni dai zatona mutumin da ya koya maka kada ka yanki kunnen yaro zai fahimta, idan aka bar masa girmansa.

Allah ya sanyaya zuciyar Kawu, ya shirya tsakaninku, ya sa albarka a hannuwanku ku ukun.

Malam Salim